Goran Tsakiya

A kwatas ɗin ƙananan ma'aikata na Birnin Kebbi na tashi, layin gidajen siminti masu bulo mai huda-huda da iska ke ratsawa. Babana masinja ne. Kakata Inna Tumba, 'yar Argungu, ba ta taɓa yarda da ɗan kicin ɗin gwamnati ba, a baranda ta kafa murhunta. Da an ci tuwo sai mu kewaye ta, har da Ladi, 'yar maƙwabtanmu Kiristoci mutanen Filato, wadda kullum take riga ni wuri mai ɗumi.

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ta wani masunci ce mai gora uku, irin waɗanda ake hawa a gulbi. Na kakansa yana rataye a ɗaka, ana nuna wa baƙi. Sabon ya sha zane, da shi yake taƙama. Na tsakiya, na ubansa, shi ke kai shi ruwa kullum, ba mai kallonsa. Ran nan ya fasa shi ya yi wa kaji mazubin ruwa. Da gulbi ya kawo, ya sauko da na kaka, ashe gara ta cinye shi. Ya hau sabon, bai yi ƙwari ba, ya tsage.

"To mi yah hisshe shi, Inna?" in ji Ladi.

"Babu, ɗiyata. Abin da ka ɗaukar ka kullum, shi a ka renawa."

Ni a lokacin na ɗauka habaici take mini kan takalmin makarantata.

Bara aka shafa wa kwatas ɗin jan fenti, za a rushe a yi shaguna. Wai ba ganuwa ba ce, ba fada ba, wane tarihi gare shi? Maman Ladi kuwa tana ciki, ta tsufa, ba ta da inda za ta. Aka kira taro da jami'an gwamnati, muka je. Ladi ce ta miƙe ta ba jami'an labarin goran nan, tiryan-tiryan. Wasu suka yi dariya. Babbansu bai yi ba, ya ce shi ma ɗan direba ne, a irin gidan nan aka haife shi.

Layi ɗaya aka bari, namu, aka gyara rufinsa. Na gode wa Allah, na gode wa Inna a kabarinta. Da masu yi wa layin sabon fenti suka iso tsohuwar barandarmu, Maman Ladi ta tsaya gaban baƙin hayaƙin da ke bango.

"Nan ku bar shi," ta ce. "Wutar Inna ce."