Gaisuwar Ƙanwata Cikin Ƙarfe

Ƙanwata ta shekara bakwai a keken guragu. Ciwo ne mai cinye naman ƙafa a hankali, irin wanda ba kasafai ake ganinsa ba. Da aka ce wani asibiti a Sabon Gari ya kawo na'urar da ake ɗaura wa mutum daga ƙugu har tafin ƙafa, tana ɗaga masa ƙafa yana takawa, cewa na yi zuƙi ta malle ce. Duk da haka na tari adaidaita daga Fagge na kai ta.

Likitar da muka tarar ta ce taku goma take so. In ta yi su gwiwa ba ta saki ba, za ta shiga cikin masu zuwa atisaye duk mako. In ta kasa, sai haƙuri.

Aka ɗaure ta tamau, batir a baya, sanduna a hannu. Injin ya yi ƙara, sai ga yarinya tsaye! Wallahi na manta ta fi ni tsawo. Na shiga ƙirga takun da ƙarfi. A na shida ƙofa ta buɗe, sai ga Baba, ya baro rumfarsa a Kantin Kwari bai gaya wa kowa ba.

Mu asalinmu Yarbawa ne, a gidanmu 'ya ba ta gaida uba a tsaye. Ƙanwata ta saki sanduna ta nufi ƙasa. Injin ya ƙame yana kuka, likitar ta rungumo ta tana cewa a kunce, gwiwa ta gaza.

"Ba faɗuwa ba ce, Likita, gaisuwa ce!" na ce. Na juyo kan ƙanwata: "Ke kuma yau ce ranar nuna ladabi?"

Likitar ta dube mu, ta ce a sake daga farko, sau ɗaya tak. Ƙanwata na kuka. "Yaya, ta yaya zan tsaya ƙerere a kan Baba?"

Baba ya taka zuwa jikin bango, ya juyo.

"Shekara bakwai ina sunkuyawa kafin in ga fuskarki," ya ce. "Zo ki gaishe ni a tsaye."

Ta yi goman. Da ta isa gabansa ta gaishe shi a tsaye, sai da ya ɗaga kai kafin ya ga fuskarta.