Murhun Laka a Yaƙin Neman Zaɓen Kawuna

Shekarar da kawuna ya tsaya takarar kansila a mazaɓarmu ta Gafasa, ina koyarwa a makarantar firamare, da goyon 'yata ta biyu. Malamin gona ne da ya yi ritaya, bai taɓa riƙe lasifika ba. Abin da ya tura shi siyasa kuwa itatuwa ne. Motocin gawayi sun cinye gawo da marke na gonakinmu, damina ta koma zuwa a makare, in ta zo kuma ta tafi da ƙasar.

Shi yana bin majalisun maza da ƙofar masallatai a kan babur. Ni ya ɗora wa shiga gidaje, tunda ba ya shiga wurin matan aure. Ya haɗa ni da dashen zogale da mangwaro a kwali, ya ce in gaya musu sauyin yanayi gaskiya ne, a daina sare itace.

Gidajen farko an karɓe ni da fara'a, an karɓi dashen, wasu suna leƙa kwalin ko akwai sabulu a ƙasa. A wani gida ne wata dattijuwa mai ginin tukwane ta bar ni na gama bayanina tsaf, sannan ta ajiye lakar da ke hannunta.

"'Yar nan, mun riga kawunki sanin ruwa ya canja, mu da ke shanya hatsi. Amma in mun bar itace, da me za mu tuƙa tuwo? Je ki tambayo shi."

Na ɗauki kwalina na fito. Da la'asar na same shi a zaure yana alwala, na faɗa masa yadda ta faɗa, ban rage komai ba. Na zaci zai ce adawa ce. Sai ya ce, "Ta fi ni gaskiya. Gobe ki raka ni, mu nemi izinin mai gidan."

Washegari ɗan takara guda ya tsuguna a ƙofar gidan mai tukwane yana zana mata a ƙasa wani murhu da ya taɓa gani a wajen kwas, mai ƙaramin baki, wanda ba ya barin wuta ta watse.

"Inna, za ki iya gina wannan?"

"Wannan ne aiki? Sai dai bakin nan naka ya yi ƙanƙanta, karan dawa ba zai shiga ba."

Ta gina shi yadda ta ga dama, kuma nata ya fi zanen kyau. Na dafa wake a kansa da 'yan ƙiraren da a da ko ruwan zafi ba za su tafasa ba. Daga nan yawon neman ƙuri'armu ya sake kama. Ni da ita muke bin gidaje a Adaidaita Sahu, tana koya wa mata kwaɓa laka, ina riƙe mata mayafi kar ya ɓaci. Magoya bayan abokin takararsa suka laƙaba wa kawu "kansilan murhu". Ya ce ya karɓa, har ya riƙa gabatar da kansa da shi.

Ya ci zaɓen da ƙyar. Ranar da ya fara magana a zauren majalisar ƙaramar hukuma a Ajingi, na nemi izini a makaranta na je na zauna a baya. Ya tashi da tsohuwar babbar rigarsa, ya nemi a hana saran ɗanyen itace don gawayi, a kuma koya wa mata ginin murhun a kowace mazaɓa kafin dokar ta fara aiki. Wani kansila ya tambaye shi wane masani ne ya ba shi wannan shawara.

"Wata mai tukwane ce a garinmu," in ji kawu. "In kuna so, sai in kawo muku ita."

Aka yi dariya, amma an sa maganar a takarda, aka ɗage zaman zuwa mako na gaba. Matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko na san shi. Na gyara goyona na ce mata yayan mahaifiyata ne.