Arba'in da Kan Keken Ɗinki

Arba'in ake ce masa a layin teloli, don shekara ashirin ke nan yana rantsuwa ƙugunsa inci arba'in ne. Mutumin da ba ya kuskuren rabin inci a jikin kowa, in ya zo kan nasa sai ya zura tef ƙasan tumbi ya riƙe numfashi. Shi kansa ya sani, yakan ce tela bai taɓa yi wa kowa ƙarya kamar yadda yake yi wa wandonsa ba.

Da wata safiya yayansa, wanda ɓarin jikinsa ya shanye kuma yake zaune a gidan Arba'in, ya zame a banɗaki. Arba'in ya sunkuya zai ɗaga shi, ya ja, ya yi nishi, sai ga shi zaune daɓas kusa da shi yana haki. Maƙwabta aka kira suka ɗaga su su biyu. Kunyar ranar ba ta sake shi ba.

Matarsa ce ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ta auna inda shi ba ya aunawa, ta ce hamsin da ɗaya. Ga hawan jini, ga suga, ga kitse. Ta ce jijiyoyin jininsa sun fara tauri, kamar tsohuwar robar wando da ta daina miƙewa, kuma hanyar da Yaya ya bi ke nan. Bayan magani, sai ya riƙa ɗaga nauyi a hankali, sau uku a mako.

"Ai likita, kullum cikin motsa jiki nake," in ji shi. "Keke nake takawa."

"Wane keken?" matarsa ta ce. "Na ɗinkin da ka sa wa injin lantarki tun kafin auren 'yarka?"

Ba zai je gidan motsa jiki samari su kalli tumbinsa ba. A bayan shago akwai kan wani tsohon keken ɗinki, baƙin ƙarfe zalla. Sai ya ja labulen gwada kaya, ya rungumi kan keken, ya tsuguna ya miƙe. Ranar farko sau uku ya yi, ya ga taurari. Mai aski na gefe ya leƙo yana tambaya ko akuya ce ke haihuwa a ciki. Ya kwana biyu yana hawa matakala a karkace, amma bai daina ba.

Bayan wata biyar likita ta duba awo ta gyaɗa kai. Ranar da yamma ya tarar da Yaya yana jiran a mayar da shi gado.

"A kira maƙwabta?" matarsa ta tambaya.

"Bar su, yau ni ne."

Ya sa hannu ya ɗauke shi cak, ya kwantar da shi ko nishi babu.

"Ka ga aikin ƙarfe, Yaya?"

Yaya ya yi murmushi da ɓarin bakin da ke motsi. "Ƙarfinka rabi ne, ƙanena. Sauran rabin ni ne na ragu."

Arba'in ya buɗe baki zai yi musu, sai tausayi ya kama shi. Sau biyu a watannin nan shi da hannunsa ya rage wa Yaya ƙugun wando.