Teburin Kusa da Maratayin Riguna

Rigimar da ta kori Alois Pospischil daga teburinsa a gidan kofin unguwarmu a Vienna, a kan matattu biyu aka yi ta. Likitocin tunani ne, Dakta Kolisch da Dakta Brandl, irin masu kwantar da mutum a doguwar kujera su ce ya faɗi mafarkinsa. Sun ƙare rayuwarsu suna aika wa juna wasiƙun gardama. Alois, mai sayar da tabarau, ya bi gwanjo ya tara na Kolisch. Amininsa Vinzenz Hawlik ya tara amsoshin Brandl. Kowa ya ɗauki faɗan ubangidansa ya yafa.

"Kolisch ya gama magana," in ji Alois rannan, yana buga tebur. "Duk ciwon rai daga uwa yake."

"Dole ka yarda mana, Loisl," in ji Vinzenz. "Ka ba hamsin baya, har yau tsohuwarka ke zaɓa maka safa."

Har mai kawo kofi sai da ya dara. Alois ya ɗauki kofinsa ya koma teburin kusa da maratayin riguna, inda iska ke shigowa. Daga ranar ba sauran sunan wasa, ba Loisl, ba Zenz. Sai "Herr Hawlik", wato Malam Hawlik, sai ɗaga hula.

A nan ya tsufa, bawan Allah. Tsohuwar ta rasu, kantin ya rufe. Kullum da hantsi ya zo da jakarsa, ya sa farar safar hannu, ya shimfiɗa wasiƙa ɗaya nesa da kofin ruwa, ya karanta rabin faɗa. Kolisch ya yi zagi, shiru. Kolisch ya yi tambaya, shiru. Amsar tana can tebur na uku, a jakar mutumin da ba ya yi wa magana.

Sai ido ya fara tafiya. Mai sayar da tabarau fa! Ya gwada duk gilashin da ya rage masa, rubutun Kolisch ya zama tururuwa. Likita ya ce kafin hunturu ba zai ƙara karatu ba. Shi kuwa bai taɓa ganin ko layi ɗaya na amsar Brandl ba.

Wata Talata ya ja ƙafa har teburin Vinzenz, ya ajiye jakar.

"Herr Hawlik, a karanta min naka."

Vinzenz ya gama tauna kek ɗinsa tukuna. Shi ma ya rame, amma bakin na nan.

"A'a, yau tsohuwa ta ba da izinin fita ke nan? Sai ka fara cewa Kolisch ya yi kuskure. A gaban kowa."

"Bai yi ba."

"To koma wurin riguna, sun yi kewarka."

Alois ya jawo kujerarsa ta dā, ya zauna a gajiye, ya cire tabaran da ba ya yi masa komai.

"Zenz, waɗannan biyun sun ƙi jinin juna, amma duk mako sai ɗaya ya sayi kan sarki don ya zagi ɗaya. Kai kuwa tun ranar safa ko zagi ba ka ƙara min ba sai yau, marowaci. Buɗe jakar ka zage ni da bakin Brandl, tun ina ganin fuskarka."