Kilo Bakwai da Suka Rage Mini

Shekarar da na fara neman shiga soja, ko gudu ba a bari na yi ba. Mun taru a wani fili a Katsina, samari daga ko'ina cikin jihar, aka ce kowa ya tuɓe riga. Ina tuɓe tawa, wani ƙato da ke bayana ya ce, "Malam, riƙe ni kada iska ta tafi da kai." Na taya su dariya, don na saba. Tun ina firamare sillen kara ake ce mini. Tsawo ina da shi, lafiyata ƙalau, amma daga nesa ana iya ƙirga haƙarƙarina.

Da layi ya zo kaina na hau sikeli. Kofur ɗin da ke awo ya dubi allurar, ya dube ni, sannan ya zagaya igiyar awo a ƙirjina ya ce in ja numfashi. Na ja har sai da na ga duhu-duhu.

"Kilo bakwai suka rage maka, ƙirjin ma bai kai ba," in ji shi. "Je ka gida ka ci abinci."

"Yallaɓai, a gwada ni a gudu mana."

"Ba gudu ne damuwarka ba. In an ɗora maka kaya, wane jiki ne zai ɗauka? Na gaba!"

Ƙauyenmu ba shi da nisa da Daura, rabin awa ne a keke. Da na koma na faɗa wa Baba yadda aka yi, sai ya ce, "To, Allah bai nufa ba. Damina na tafe, aiki na nan." Shi dama bai so zancen sojan ba. Shekarata uku da gama sakandare, gonarmu ba ta da girma, mu maza huɗu ne a kanta, amma a ganinsa gara mu matsu a gida da ɗayanmu ya tafi inda ake harbi. Inna kuwa tana tankaɗe, sai da Baba ya fita ta juyo ta tambaye ni.

"Shi kilo bakwai ɗin, kamar me ke nan?"

"Kamar tiya uku ta gero, Inna, ko ƙasa da haka kaɗan."

Ta ajiye rariya ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Tiya uku kawai? Shi ne ka shigo kamar an yi mutuwa? Yaushe za su sake ɗiba?"

Na ce ana cewa bayan kaka. Ta ce, "Ashe da lokaci."

Da wauta na fara. Na ɗauka zancen ci ne kawai, sai na dinga ɗura wa cikina duk abin da na samu. Tuwo malmala uku, ƙosai, burodi, rake, har sai na ji abinci a maƙogwaro. Ranar kasuwa kuma na gamu da wani mai tallar magani a akwati, ya sayar mini da wasu ƙananan ƙwayoyi, ya ce ko itace ya sha sai ya yi kumatu. Cikin mako biyu fuskata ta yi sumul, na yi ta murna.

Sikeli ɗaya ne a ƙauyenmu, yana ƙaramin asibiti, kuma ba a fito da shi sai ranar Talata, ranar awon masu ciki. Na daɗe ina zagaye bishiyar dalbejiya da ke ƙofar asibitin kafin na yi ta maza na shiga. Mata cike da benci, kowa da katinta a hannu. Wata ta ce, "Kai kuma wata nawa ne naka?" Wurin ya kaure da dariya. Malamar asibitin, wata dattijuwa mai gilashi wadda ba ta cika fara'a ba, ta tsawata musu, ta tambaye ni abin da ya kawo ni. Na faɗa mata gaskiya. Ta sa na hau sikelin, ta rubuta, sannan ta danna kumatuna da yatsa.

"Me kake sha?"

Na dafe aljihuna.

"Ɗana, shekarata nawa ina wannan aikin. Fito da shi."

Na zaro ƙullin daga aljihu. Ta karɓa ta jefa a kwandon shara. Ta ce wannan kumburi ne, ba ƙiba ba, kuma in na ci gaba sai ya lalata mini jiki ta ciki. Ta ba ni maganin tsutsar ciki, ta ce in daina cika tumbi lokaci guda, in ci sau biyar a yini daidai yadda ciki zai ɗauka: wake, gyaɗa, ƙwai, nono, zogale, nama in an samu. Ta ce in riƙa zuwa duk Talata bayan mata sun watse. Da kumburin ya saɓe, sai ga ni na koma inda na fara, ko rabin kilo ban ƙara ba. Wata guda ya tafi a banza. Ranar na ji kamar in haƙura, amma da na tuna yadda na mayar da rigata a gaban mutane na fita daga filin nan, sai zuciyata ta ƙi.

Inna ta karɓi zancen malamar kamar umarnin likita. Ta aika wa 'yan'uwanta a garin Babban Mutum, aka kawo mata gyaɗa da riɗi. Da safe kunun gyaɗa mai kauri, da hantsi ɗanwake ko dafaffen wake da mai, da rana fura da nono mai kyau, da la'asar kwaɗon zogale da ƙuli, da magariba tuwo. Ni ba mai cin abinci ba ne tun asali, don haka ci ya zame mini aiki. Wani lokaci ina zaune gaban kwano kamar in yi kuka, ita kuma tana tsaye a kaina. "Cinye. Ba don daɗi na ba ka ba."

Sauran rabin aikin a Daura na same shi. Yayana ya aike ni sayen sarƙar babur a shagon wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota da babura. Mutumin ya fi shekara ashirin a garin, Hausa a bakinsa kamar tamu. Lokacin da aka fara shari'ar Musulunci wasu 'yan'uwansa sun tattara sun koma gida, shi ya ce ba inda za shi, nan 'ya'yansa suka tashi. Ban same shi a gaban shago ba, sai na leƙa baya. Na tarar da shi kwance a kan benci yana ɗaga wani dogon ƙarfe na ƙarƙashin mota, an zura masa faifan birki biyu-biyu a kowane gefe. Ya kusa shekara hamsin, amma damtsensa ya kai cinyata.

Na manta da sarƙa, na ba shi labarina. Ya tashi ya zagaye ni, ya matsa kafaɗata, ya ce in ɗaga ƙarfen. Na gwada, ko motsi ƙarfen bai yi ba. Ya cire fayafayan duka ya bar sandar kaɗai. Na ɗaga sau biyar da ƙyar.

"Abokina, abinci kaɗai tumbi zai ba ka," ya ce. "Sai ka ba naman aiki kafin ya san inda zai zauna. Ka zo Talata, Alhamis da Asabar, kafin in buɗe shago. In ka yi fashi sau biyu, kada ka dawo."

"Oga, ba zan yi fashi ba."

Ban yi ba kuwa. Ina idar da sallar asuba nake hawa keke. Ya koya mini tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, da ɗagawa daga ƙasa ba tare da na lanƙwasa baya ba, da rataya a jikin wani bututu in ja jikina sama har haɓata ta wuce shi. Makon farko ko ruku'u da ƙyar nake yi saboda tsamin jiki. Ya hana ni dogon gudu, ya ce yana ƙone abin da nake tarawa, sai dai gajere mai sauri sau biyu a mako don kada numfashina ya mutu. Gudun ma sai da ya jawo mini magana. Na fita da gajeren wando, wani dattijo daga cikin masu zama a ƙofar masallaci ya tare ni ya ce, a wannan lokaci da ake gyara al'amura, bai dace baligi ya ratsa gari gwiwa a waje ba. Na ba shi haƙuri. Inna ta yanke mini wani tsohon wando daidai ƙwauri, na koma bin hanyar bayan gari.

Kafin ruwa ya sauka na samu kilo uku. Malamar asibiti ta rubuta a bayan wani tsohon kati ta ce, "Wannan naka ne na gaske."

Sai damina ta kankama, allura ta tsaya cik. Daga safe zuwa la'asar muna duƙe a gona, duk abin da na ci rana da fartanya suna shanyewa. Talata huɗu a jere ba ƙari, ta biyar ma sai na ragu. Ban yi wa Baba ƙorafi ba, don na san noman nan shi ne abincinmu na shekara. Sai dai na ƙara sammako, in je Daura in dawo in tarar da su a gona. Wata rana na ɗago daga kunya sai jiri ya kwashe ni, na zauna daɓas. Baba ya zo ya tsaya a kaina.

"Har yanzu kana kan bakanka ke nan?"

"Ina kai, Baba."

Sai ya juya ga yayyena ya ce daga yau in azahar ta yi in tashi in tafi gida, su ƙarasa. Babu wanda ya yi musu. Washegari da safe ya kira ni bayan rumbu, inda zabinsa suke ƙwai. Ƙwan nan kasuwa yake kai wa, ko mu ba ma taɓawa. Ya zaɓi huɗu ya sa mini a hannu ya ce, "Kai wa uwarka ta dafa maka." Haka ya yi ta yi kullum har zabin suka daina. Bai taɓa cewa ya yarda in tafi ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Ina da kilo biyar azumi ya kama. Wani abokina ya ce in sha abina a ɓoye in rama daga baya, ai lalura ce. Na ce wannan ba lalura ba ce, buri ne, kuma ba zan nemi aiki da saɓon Allah ba. Oga ya mayar da atisayen zuwa bayan la'asar, ya rage nauyin ƙarfen, ya ce a watan nan riƙe abin da muka samu kawai za mu yi. Na lura ko ruwa ba ya sha a gabana har in tafi. Inna ta matse cin nan biyar tsakanin shan ruwa da sahur. Duk da haka kilo ɗaya ya zube. Ranar da na ga hakan na fito daga asibiti raina a ɓace, amma ban tsaya ko'ina ba sai bayan shagon Oga, na yi abin da ya kamata in yi a ranar.

Bayan salla jikina ya karɓi abinci kamar busasshiyar ƙasa ta samu ruwa. Rigunana suka fara kama ni a kafaɗa. Sandar da na kasa ɗagawa da fayafai huɗu, yanzu ina ɗaga ta sau takwas. Talatar ƙarshe kafin tafiya, malamar ta dubi allura, ta cire gilashi ta goge, ta sake dubawa. "Bakwai da rabi," ta ce. "Allah ya tsare ka, ɗana. Kada ka zalunci kowa in ka sa kakin." Oga kuwa hannu kawai ya ba ni, ya ce kada in ɗaga komai kwana uku kafin ranar, in yi barci sosai.

A filin na Katsina wasu suna ta ɗurkar ruwa kafin awo, har wani ya yi amai a layi. Ni ban sha komai ba bayan kunun safe. Wani kofur ne daban a kan sikelin. Na hau, ya duba, ya zagaya igiya a ƙirjina, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Wuce can." Shi ke nan. Wata bakwai na aiki, kalma biyu.

Aka jera mu gudu. Na ji nauyin jikina a zagayen farko, ƙafafuna ba su da saurin da, amma da aka yi nisa masu gaba suka fara zubewa, ni kuwa ina nan yadda na fara. Na shigo cikin goman farko. Kwana uku aka yi ana gwaje-gwaje, likita ya duba ido da haƙori da jini, aka bi takardunmu ɗaya bayan ɗaya. Da yammacin rana ta uku wani saje ya hau kan tebur ya karanta sunaye. Nawa ne na goma sha tara. Aka ce mu je gida mu yi sallama, mu dawo bayan kwana goma da bokiti da bargo da aski ƙwal.

Na taka zuwa tasha na shiga motar Daura, mu huɗu a kujerar baya. Wani tsoho mai buhun albasa a cinya ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Samari, ɗan matsa mana, ka cinye wurin." Na matsa, na ba shi haƙuri. Tun kafin mu kai Mashi barci ya kwashe ni, sai da kwandasta ya bubbuga mota a tashar Daura na farka.