Ƙugin da Ya Bi Injiniya Ƙasar Waje

Ba wanda ya taɓa ganin takardar da ta sa ake kiransa Injiniya, shi ma bai taɓa cewa akwai ta ba. Hayar lasifika yake bayarwa. Shagonsa ɗaki guda ne a ƙarƙashin wani bene, cike da baƙaƙen akwatunan sauti da wayoyi a naɗe jikin ƙusa, sai kujera ɗaya tal, wadda in baƙo ya zo shi ke miƙewa. Tun yana saurayi ya shiga sana'ar, har furfura ta same shi a ciki. Duk taron da aka yi a unguwar, na murna ko na siyasa, da kayansa aka cika wa maƙwabta kunne.

Mawaƙa sun bi ta hannunsa ba adadi, amma in ka tambaye shi me suka rera, sai ya ce maka wane yana cusa baki cikin makirfo, wance kuma tana taka waya. Shi aibu yake saurara. Da kunnen nan ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'ya, kuma yana ji da shi yadda wasu ke ji da mota.

Bara sai wani ƙugi ya fara, siriri, ta ɓangaren hagu. Ya canja wayoyi, ya kwance lasifika ya mayar, ya zagi masu wuta har ya gaji. Masu taro kuwa suka fara ƙorafin cewa gefen hagu, wanda yake ta ƙara wa sauti, yana neman fasa musu kai, wasu ma suka koma haya wani wuri. Matarsa ta taɓa ambatar asibiti, ya yini bai kula ta ba. Ya san lissafin sarai: in ƙugin a kaya yake, gyara ne; in kuwa a kunne yake, sana'a ta ƙare. Don haka ya yanke hukunci cewa a kaya yake.

Ana cikin haka amininsa Tela ya zo da batun tafiya. 'Yar Tela da ke aure a ƙasar waje ta aiko da tikiti biyu, uwarta kuma ta ce ita da jirgin sama sai dai kallo daga ƙasa. Injiniya ya amsa nan take, a cewarsa yana so ya ga kayan aikin mutanen.

Ya kuwa gani. An kai su wata tsohuwar gada, an kai su gidan tarihi, an sa su a jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido. Tela na ta ɗaukar hoto yana taɓa labulen mutane don ya ga ɗinkin, shi kuma Injiniya kansa na sama yana neman inda aka maƙala lasifika. Ko'ina akwai ƙugin: a tashar jirgin ƙasa, a cikin lif na hawa bene, har a kantin sayar da takalma. Daɗi ya kama shi. Ya shaida wa Tela cewa ƙasar nan da ake ta yabo, wayoyinta duk na banza ne. Tela ya ce haka ne, ya ci gaba da hotonsa.

Ana gobe za su koma, yarinyar ta kai su sauraron kiɗa da la'asar, a wani tsohon zaure mai rufin katako. Mace ɗaya ce ke waƙa, maza biyu na kaɗa mata abubuwa masu tsirkiya, ɗayan ya kusa kai tsayin mai kaɗa shi. Mutane suka yi tsit. Cikin shirun nan ƙugin ya fito fili fiye da kullum, har Injiniya ya ji kunya a madadin mai kayan.

Da aka yi hutu bai tsaya shawara ba, ya yi abin da ya saba yi a kowane taro: ya bi bango yana neman waya. Ya leƙa bayan labule, ya durƙusa ya duba ƙarƙashin dandamali da fitilar wayarsa. Wani dattijo mai kula da zauren ya zo cikin ladabi ya tambayi ko ya yar da wani abu. 'Yar Tela ta iso da sauri ta yi tafinta. Injiniya ya ce ta gaya masa lasifikarsu ta hagu na ƙugi, taimako kawai ya zo yi. Dattijon ya yi bayani mai tsawo yana nuna rufi.

"Baba, ya ce ba lasifika a nan," in ji ta. "Ba makirfo ma. Don murya aka gina wurin."

Ya sa ta sake tambaya. Amsar ba ta canja ba.

Ya koma kujerarsa ya zauna. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da wuta ta ja shi a saman tsani.

"Mutumina," ya ce da Tela, "kai kana jin wani ƙugi?"

Tela ya daɗe yana goge tabarau da gefen riga. "Ba na ji. Ko a gida ban taɓa ji ba."

Aka dawo kiɗa. Injiniya ya ɗora hannuwa a gwiwa ya zauna har ƙarshe, aka tafa ya tafa. A bakin ƙofa ya bari Tela ya yi gaba da hotunansa, sannan ya matso kusa da yarinyar ya rage murya, ko da yake rabin layin sun ji shi.

"'Yata, a garin nan akwai likitan kunne? Wanda bai san kowa a unguwarmu ba."