Tambayar Inna kan tafkinmu

Jiya Inna ta tsare ni a waya, wai sai na faɗa mata aikin da ya hana ni zuwa gida.

Na ce muna gwajin ƙone sinadaran dattin masana'antu ne, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa.

Sai ta ce, "Ɗiyata, wutar ga taku tana cin dalmar da ta ɓata muna tafki a Tungar Guru?"

"Ba ta ci, Inna."

"Ayya. So nike in sake wanki bakinai, kuna wanka kuna ihu."

Rabona da ruwan nan tun ƙuruciya.

Ku fa, wane wuri kuke kewa haka?